Rigimar Injin Murza Ƙarfe A Amurka, Da Cinikin Da Ba A Yanke Wa Kuɗi Ba

 Yau ba maganar gero da dawa na zo muku da ita ba, ko da yake su ne sana'ata. Maganar ƙarfe ce. Dalili kuwa, rannan ina zaune a bakin rumfa wani yaro ya kwance dilar buhuna, ya yar da langa-langan da aka ɗaure ta da shi, na tsinta ina jujjuyawa. Ga shi siriri, mai faɗi, sumul kamar an goge shi da mai, kaurinsa ɗaya daga wannan baki har wancan. Na ce a raina, babu maƙerin da zai buga wannan da masaba ya fito haka, ko da ya kwana a bakin maƙera. Da na bi sawun abin sai na tarar ashe hanyar murza ƙarfe ya yi siriri haka ta taɓa jawo shari'a a Amurka wadda aka yi shekara talatin ana bugawa, kuma rabin rigimar irin tamu ce ta kasuwa, watau an ƙulla ciniki ba a yanke kuɗi ba.

Sai mu fara da yadda ake aikin, domin in ba a gane shi ba ba za a gane abin da ake faɗa a kansa ba. Kowa ya san injin taliyar da matanmu ke murzawa a gida. Gungumen ƙarfe biyu ne masu juyawa, a cusa kwaɓaɓɓiyar fulawa tsakaninsu, ta fito ta yi faɗi ta yi tsawo. Haka injin matse rake na masu mazarƙwaila. To haka ake yi wa ƙarfe, sai dai gungumen nan, waɗanda makanikai ke kira rola, ƙarfinsu ya wuce misali. Murza iri biyu ce. Akwai ta zafi, inda ake gasa ƙarfe ya yi ja wur kana a matse shi. Irinta ce ake yin rodin gini da ita, kuma don ita aka gina masana'antun Katsina da Jos da Oshogbo a farkon shekarun 1980. Akwai kuma ta sanyi, inda ba a sa wuta ko kaɗan, ƙarfi kurum. Ita ta sanyin ita ke ba da fuska mai sheƙi da kauri daidai wa daida. In aka ɗauki waya zagayayya aka bi da ita tsakanin rola biyu, sai ta baje ta zama waya mai faɗi, irin wadda ake ɗinke littafi da kwali da ita, da ƙarfen da ke cikin robar goge gilashin mota. In kuma ƙarfen mai faɗi ne tun asali, sai a sami na gwangwanin madara da tumatir, da reza, da jikin mota.

Amma ƙarfe yana da wata ɗabi'a. Duk sa'ad da aka matse shi da sanyi sai ya ƙara tauri, har ya kai inda rola za ta yi ta juyawa a kansa ba ta rage masa kome. A nan masu sana'ar suka daɗe da sanin wani abu: rola siririya ta fi katuwa cin ƙarfe, domin ɗan wuri kaɗan take taɓawa, nauyin ya taru a nan. Kamar dai mutum ya danna ƙwaryar goro da tafin hannu, sa'an nan ya danna da farce. Illarta ita ce siririyar tana lanƙwasa kamar kara, sai ƙarfen ya fito da ciki, tsakiya kauri, gefe sirara. Maganin wannan shi ne a tokare ta da katuwar rola a bayanta, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su zama huɗu a jere. To sai wata matsalar ta taso. Wuyan manyan rolar, inda suke zaune a mazauninsu, yana guga yana zafi, in aka ƙara gudu zafin ya bi jikin rolar ya sauya mata siffa, kaya su lalace. Saboda haka a da sannu a hankali ake murzawa, kuma ƙarfen gwangwani ma da zafi ake yinsa, ƙarti su riƙe da awartaki suna ninkawa suna mayarwa, aikin wahala, ga ɓarna.

Ana nan sai wani injiniya mai suna Abram Steckel, a garin Youngstown na Jihar Ohio, ya fito da dabara. Ya ce a sa wa manyan rolar nan boris, irin wanda ke cikin ƙafar mota, domin su juya ba guga ba zafi. Sa'an nan ya ce maimakon a juya ƙananan rolar da inji su tura ƙarfen, a jawo ƙarfen da ƙarfi ta cikinsu, ana naɗe shi a jikin ganga. In ya ƙare a juya akala, gangar ɗaya ɓangaren ta jawo shi ya koma, ana yi ana ƙara matse rolar, har ya kai sirantar da ake so. Da wannan aka sami gudun da ba a saba gani ba. Ya shigar da takardunsa a ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka a 1923. A 1926 aka kafa kamfanin Cold Metal Process domin a ci moriyar dabarar. Takardun mallaka kuwa ba su fito ba sai 1930, guda biyu, ɗaya a watan Janairu mai lamba 1,744,016, ɗaya a watan Oktoba mai lamba 1,779,195.

Mece ce takardar mallakar ƙirƙira? Alkawari ne tsakanin gwamnati da mai dabara. Kai ka bayyana sirrinka a rubuce, filla-filla, yadda duk mai sana'ar zai karanta ya iya yi. Ita kuma gwamnati ta hana kowa yin amfani da shi sai da izninka, har zuwa wasu shekaru ƙididdigaggu, daga nan ya zama na kowa. A Amurka a wancan zamani shekara 17 ce daga ranar da takarda ta fito. Tun 1995 suka mayar da ita 20 daga ranar da aka nema. Mu ma a Nijeriya dokar 1970 shekara 20 ta ba da, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, magatakardan namu ba ya binciken ko dabarar sabuwa ce, cikar takardu yake dubawa, in wani ya yi gardama sai kotu ta raba. 'Yan'uwanmu na Nijar da Cadi da Kamaru kuwa ofishi ɗaya suke tarayya a kai, a birnin Yawunde. Ko'ina dai takarda ba ta gama magana. Wanda aka kai ƙara yana da damar ya ce ai tun farko bai kamata a ba da ita ba.

Abin da manyan kamfanonin ƙarfe na Amurka suka ce ke nan. Suka ce me Steckel ya ƙirƙira? Rola huɗu a jere an san ta kafin shi. Tokare ƙaramar rola da babba, tun shekarun 1860 wani mai suna Bernard Lauth ya yi irin wannan da rola uku. Boris ana sayar da shi a kasuwa. Jan ƙarfe da ganga masu yin waya sun daɗe suna yi. Suka ce mutumin nan tattara tsofaffin kaya ya yi ya jera, abin da duk ƙwararren makaniki zai yi in an sa shi aikin. Su kuma mutanen Steckel suka ce, to in mai sauƙi ne haka, me ya hana ku yi tun da, alhali ku ke da kuɗi da injiniyoyi, kuma shekara da shekaru kuna kukan matsalar? Kuma me ya sa da kuka ga namu kuka watsar da tsohuwar hanya kuka rungumi wannan?

Ni a ganina nan ne gaɓar take, kuma ba gaɓa ce mai sauƙi ba. Gero da ruwa da nono kowa ya san su, amma ba za a ce wanda ya fara dama fura bai yi kome ba. A ɗaya gefen kuma, in duk wanda ya ƙara gishiri a miya za a ba shi takarda ya hana mutane girki, kasuwa ta mutu. Kotunan Amurka sun daɗe suna fama da wannan awo, kuma a kan waya ma an yi hukunci biyu a jere waɗanda suka fuskanci gabas da yamma.

Na farko na wayar shinge mai ƙaya ne. Wani manomi, Joseph Glidden, na garin DeKalb a Jihar Illinois, ya sami takarda a 1874. An yi waya mai ƙaya kafin shi, abin da ya ƙara ɗan kaɗan ne: ya naɗe guntuwar waya a jikin doguwa, ya murɗa wata doguwar a kai ta riƙe ƙayar kada ta zame. Masu gardama suka kawo shaidu fiye da ashirin waɗanda suka ce sun ga irin wannan shinge a wani bikin nunin amfanin gona a Jihar Iowa tun ƙarshen shekarun 1850. A 1892 Kotun Ƙoli ta tsayar da takardar Glidden. Ta nuna cewa ƙaramin sauyi in shi ne ya mai da abin da ya ƙi aiki ya zama mai aiki, ya cancanci kariya, kuma shaidar baki a kan abin da aka gani shekaru masu yawa da suka wuce ba ta isa rushe takarda ba sai ta kai matsayin da babu shakka a cikinta. Wannan kam duk wanda ya taɓa zaman sulhu a kan tsohon bashi ya san gaskiya ne. Mutum zai rantse da abin da ya ji an faɗa har ya ɗauka da idonsa ya gani. Abin dariya, sa'ad da hukuncin ya fito takardar ta riga ta ƙare tun 1891.

Na biyu ya zo a shekarar da ta biyo, 1893. Wani Alanson Cary yana da takarda a kan hanyar gasa sifirin kujera da katifa da wuta kaɗan bayan an naɗa shi, domin ƙarfinsa ya dawo. Dabarar tana aiki, an kuma yi ciniki da ita sosai. Duk da haka Kotun Ƙoli ta soke ta, domin masu yin agogo sun riga sun saba yi wa wayarsu irin wannan gashi. Ɗauko tsohuwar hanya a kai ta ga sabon kaya mai kama da na da, kotu ta ce ba ƙirƙira ba ne. Kun ga ke nan, yawan ciniki shi kaɗai ba hujja ba ne.

To ina Steckel zai faɗa, wajen Glidden ko wajen Cary? Alƙalai ma kansu ya rabu. A 1933 wata kotu a Jihar Pennsylvania ta ce takardar rola huɗu mai boris ta tsaya. A 1938 wata a Jihar New Jersey, a ƙarar da aka kai wani reshen babban kamfanin United States Steel, ta ce ta jan ƙarfe da ganga ta tsaya, amma ta boris ta faɗi. A 1939 kotun ɗaukaka ƙara ta ce duka biyun sun tsaya, daga baya kuma ɓangarorin suka sasanta a waje. Sai ga Yaƙin Duniya na Biyu. Gwamnatin Amurka ita ce babbar mai sayen ƙarfe a lokacin, kuɗin izinin da kamfanoni ke biya kanta yake komawa. A 1943 ta shigar da ƙara da kanta tana neman a soke takardun biyu, wai an same su ne ta hanyar yaudarar ofishin rajista. Aka riƙe kuɗaɗe masu yawa a hannun kotu ana jiran hukunci. A 1945 kotu ta kori ƙarar gwamnati, a 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da korar. A wannan shekarar ce kuma, 1947, wa'adin takardun ya cika. Amma cikar wa'adi ba ta yafe bashin baya, saboda haka aka ci gaba da bin waɗanda suka yi amfani da dabarar ba izini. A 1956 aka yi nasara a kan kamfanin Republic Steel, kotun ɗaukaka ƙara ta sake cewa takardun ingantattu ne. Har 1960 ana yanke hukunci a kan takardun nan.

Yanzu ga inda na ce abin ya shafe mu. Tun a 1927, takardun Steckel ba su fito ba, akwai wani kamfani a birnin Pittsburgh mai ƙera injinan murza ƙarfe, sunansa United Engineering and Foundry. Injiniyoyinsa su ma sun nemi takarda a kan rola huɗu mai boris. Ɓangarorin biyu suka ga in suka tsaya jayayya a ofishin rajista a kan wa ya riga wani, lokaci zai tafi, wataƙila ma kowa ya rasa. Sai suka zauna suka rubuta yarjejeniya: a haɗa ƙarfi a nemo takardar da sunan Cold Metal, in ta fito shi kuma United a ba shi izini shi kaɗai ya ƙera irin injin ya sayar. Nawa zai biya? Ba su yanke ba. Suka ce sai a zauna a daidaita daga baya, in an kasa a sa masu sulhu.

Dillalai, kun san wannan kalma, “ma daidaita”. Ni kaina ta taɓa cizona. Wata shekara wani dillali ya kawo mini mai sayen wake, mota guda, na tambaye shi la'adarsa, ya ce haba Alhaji, tsakanina da kai, ma daidaita. Kafin a gama lodi a biya kuɗi wake ya tashi. Ya zo yana lissafi da sabon farashi, ni ina lissafi da wanda aka yi ciniki a kansa, kowa kuma yana ganin shi ke da gaskiya. Sai da manyan kasuwa suka shiga, kuma har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Ba mugunta ke kawo wannan ba galibi. Ranar ciniki ba wanda ya san abin da kaya za su zama, kowa yana tsoron ya yanke ya cuci kansa, sai a ɗaga. Ranar da darajar ta bayyana kuwa, ranar ce yankewa ta fi wuya.

Haka ta faru da su. A 1927 takardar ba ta ma fito ba, ba wanda zai rantse za ta fito. Da ta fito a 1930, masana'antu suka juya ga sabuwar hanya, sai Cold Metal ya ga ya sayar da saniya da kuɗin akuya, kuɗin akuyar ma ba a faɗa ba. Ya kai United ƙara yana cewa yana amfani da dabararsa ba izini. United kuwa ya riƙe igiya biyu: ya ce takardar ba ta da inganci, in ma tana da shi, to ai ina da izini tun 1927. Ita ce shari'ar 1933 da na ambata, inda kotu ta ce takarda ta tsaya, izini ma ya tsaya. A 1934 Cold Metal ya sake shigar da wata ƙarar, daga baya ya nemi a warware yarjejeniyar ɗungurungum. A 1939 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi, ta ce alkawari ya ɗauru, sai dai a yi lissafin abin da United zai biya. Ni dai ina ganin kotu ta yi daidai a nan. Mutum ba ya cin moriyar haɗin kai ranar da yake da rauni, sa'an nan ya ce babu ciniki ranar da ya yi ƙarfi. Amma shi ma United ban wanke shi ba, domin ya shekara da shekaru yana ƙera injina yana sayarwa, mai dabara yana jiran a faɗi nawa ne haƙƙinsa.

Lissafin nan da aka ce a yi, kotu ta naɗa wakili ya bi injinan ɗaya bayan ɗaya, wanne ne yake cikin yarjejeniya, wanne ne ba ya ciki, nawa ya kamata a biya a kan kowanne. Sai a 1955 aka yanke cewa United ya biya dala 387,650, ban da kuɗin ruwa. Shekara 28 ke nan daga ranar da aka sa hannu. Ba wanda ya gamsu, duka biyun suka ɗaukaka ƙara. Magana ta kai Kotun Ƙoli a 1956, kuma abin da ta duba ba kuɗin ba ne, ba kuma dabarar murza ƙarfe ba. Ta duba ne ko ya halatta a ɗaukaka ƙara a kan wannan ɓangare alhali United yana da tasa ƙarar ta ramuwa da ba a gama ji ba a kotun ƙasa. Ta ce ya halatta. Ɗaliban lauya a Amurka in sun haɗu da sunan Cold Metal a yau, galibi a kan wannan ƙa'ida ta ɗaukaka ƙara suke haɗuwa da shi.

Shi Steckel bai ga ƙarshen abin ba, ya rasu a 1954. Sunansa yana nan a bakin masu sana'ar ƙarfe, amma in suka ce injin Steckel a yanzu, wanda suke nufi na murza da zafi ne, mai ganga a cikin tanderu a kowane gefe, ƙarfen yana kai da komo tsakaninsu kada ya huce.